Faifan da Ya Ƙi Wankuwa

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ƙawayena na zauren karatu suka hana ni sakat. Wannan ta ce yaya Faransa, wato Nijar, waccan ta ce me na je yi, ni da ko Katsina sai in shekara ban leƙa ba. Wata ma cewa ta yi ta ji ƙishin-ƙishin miji na je dubowa. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda take jiran labari irin na littattafan da muke musaya, mai saurayi a farar mota, ta yi haƙuri. Gyaran faifai na je.

Maigidana marigayi Lawal dillalin dabbobi ne. Shekara uku muka yi da aure, Allah ya karɓi abinsa a hatsarin babur, yana dawowa daga kasuwar Mai'adua. Wayarsa ma a wurin ta tarwatse. Bayan na fita takaba aka raba ɗan abin da ya bari. Cikin kason mahaifiyarsa, Inna, har da wani baƙin faifan ajiya mai girman tafin hannu, irin wanda ake jona wa kwamfuta da igiya. Inna ta ce ba ta san abin da za ta yi da shi ba, za ta ba ƙaninsa Sadiku da ke karatun kwamfuta a Katsina.

Marigayi yana son ɗaukata hoto a ɗaki, ba ɗankwali, in na yi sabon kitso ko lalle, irin hoton da miji kaɗai ya halatta ya gani. Kuma duk lokacin da wayarsa ta cika sai ya ce bari ya je shago a juye masa a faifai. Na je na durƙusa gaban Inna na ce ta ara mini shi in goge abin da ke ciki tukuna. Ta dube ni, ta gane ba sai na ƙarasa ba.

“Ran Juma'a yaron nan zai koma makaranta,” in ji ta. “Ki dawo da shi kafin nan. Kayan gado ne, ba na son magana.”

Ina da 'yar kwamfutar da nake rubuta labaraina a ciki. Na jona shi. Ta ce ba za ta iya buɗe shi ba sai an yi masa fomat, wato a wanke shi tas ya koma kamar sabo. Na ce ai abin da nake nema ke nan, na danna. Ta yi ta juyi, can ta ce ta kasa. Sau bakwai na gwada. Ba ya buɗuwa in gani, ba ya goguwa in huta. Na ce wa kaina soyayya ce ta ƙi gogewa, har na yi ɗan kuka mai daɗi a kan haka. Da na share hawaye matsalar tana nan inda take, domin na san abin da ya gagare ni, Sadiku kafin shayinsa ya huce ya buɗe shi.

Masu gyara ba su ƙare a Daura ba. Amma wanne ne bai san ni ba, ko bai san gidanmu ba? Ban ce ba su da amana ba. Sai dai ko mai amanar, in ya gani ya gani, gobe kuma mu haɗu a hanyar Kusugu ya gaishe ni yana sunkuyar da kai.

Gwaggo Hansai na kai wa kukana. Ƙanwar mahaifina ce, duk wata takan kai atamfa Damagaram ta dawo da cuku da dabino da turare.

“Akwai wani tsoho can kusa da masaukina, duk abin da aka jona wa wuta yana gyarawa,” ta ce. “Bai san ubanki ba, bai san mijinki ba. Shirya, Litinin za mu tashi. Amma ba za ki ɗauko mini littattafan nan naki ba, kaya gare ni.”

Biyu kawai na ɗauka, na tura ƙasan jaka.

Daga Daura zuwa Kongolam ba wata tafiya ba ce, kafin mutum ya gyara zama an iso. A nan muka sauka muka canza mota. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu abin mamaki. Gero iri ɗaya a hagu da dama, awaki iri ɗaya, masu tallan gyaɗa suna kiran ciniki da harshen da na taso da shi. Na daɗe ina zaton iyakar ƙasa wani abu ce da zuciya za ta ji an tsallake. Igiya ce da ganga biyu.

A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo ya karɓi katunanmu, ya ce kowa ya buɗe jakarsa. Ni kuwa faifan nan na naɗe shi da ɗankwali uku, na sa a kwanon sha mai murfi, na ɗaure kwanon da wani tsumma. Ya kwance tsumman, ya buɗe murfi, ya shiga warware ɗankwali ɗaya bayan ɗaya. Duk 'yan motarmu suka miƙo wuya. Wata mata a bayana ta ce, “Zinari ne, wallahi.” Da abin ya fito ya juya shi a hannu.

“Madam, wannan kika naɗe haka kamar jinjiri? Mene ne a ciki?”

Na ce ban sani ba. Amsa ce marar kyau a bakin iyaka, na gane haka tun kafin in rufe baki.

“Na mijinta ne, ranka ya daɗe,” in ji Gwaggo. “Ya rasu. Gyara za mu kai.”

Ya ce Allah ya jiƙansa. Sannan da hannunsa ya mayar da ɗankwalayen nan uku yadda ya same su, ya rufe kwano, ya miƙo mini da hannu biyu. Matar da ta ce zinari ne ba ta sake kula ni ba har muka rabu, kamar na ci mata bashin kallo.

Motar da muka shiga ta girme ni. An sa mu huɗu a kujerar baya, a but kuma wani dattijo ya ɗaure tunkiya, kanta ya leƙo daidai kafaɗata. Kafin mu kai Matamaye ta cinye mini gefen mayafi. Dattijon ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ba halinta ba ne, baƙunta ce. Na ce ba komai, ai Uda ce, su dama ba su da kunya. Ban san na san haka ba sai da na ji shi a bakina.

“Ashe zaman gidan dillali bai tashi a banza ba,” Gwaggo ta ce. “Wai ni ina tunkiyar da ya saya miki kuna amare?”

Sai da na yi tunani. Watanmu biyu da aure ya shigo yana murmushi ya ce ya yi mini kyauta. Na rufe ido na miƙa hannu, ina jiran turare ko kati mai furanni. Ya ce ai ba ta hannu ba ce, tunkiya ce, ya ba wani makiyayi a wani ƙauye bayan Zango ya riƙe mini. Na ce na gode, na shige ɗaki. Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba.

“Ban sani ba,” na ce wa Gwaggo.

“Ke komai ba ki sani ba yau.”

Bayan Matamaye taya ta yi faci. Muka zauna ƙarƙashin wani gawo kusan awa guda, direba yana faɗa da jak, dattijo yana ba tunkiyarsa ruwa a murfin kwanona.

Rana ta take muka shiga Damagaram. Gari ne mai rairayi, da manyan duwatsu zube a tsakiyar unguwa kamar an manta da su. Ban ko wanke ƙafa ba na ja Gwaggo zuwa shagon mai gyara. A rufe. Na kusa da shi a rufe, na gaba ma haka. Na tambayi wani mai shayi ko rasuwa aka yi. Ya yi dariya.

“Daga Najeriya kuke, ko? Kowa ya tafi kwanciyar rana. Sai bayan la'asar.”

Gwaggo ta san haka sarai, ta bar ni ne in gani da idona. A Daura wanda ya rufe shago da azahar ya tafi barci sai a ce ko ba shi da lafiya. Can kuwa wanda ya buɗe ne ake yi wa kallon mai haɗama.

Masaukinmu gidan ƙawar Gwaggo ne, Hajiya Mariyama, mace mai jiki da murya. Ta tare mu da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Hausarsu tamu ce, sai dai sukan jefa Faransanci a tsakiya yadda muke jefa Turanci, kuma kowannenmu yana ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata harshe. Ɗan acaɓa kabu-kabu suke ce masa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata ake ɗauko shi ba leda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Da na nemi mai laushi Hajiya ta ce, “Wancan naku ai katifa ne.” Shayi kuma zagaye uku ne a ɗan ƙaramin kofi. Na sha na farko, ɗaci kamar maɗaci, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi. Gwaggo ta taka mini ƙafa. Ashe tashi bayan na farko kamar ka ce wa mai gida ba ka son zamansa ne. Abin da na fi kallo shi ne 'yar Hajiya, matar aure da goyo, ta tayar da babur da kanta ta fice kasuwa, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Bayan la'asar muka koma. Malam Isufu tsoho ne siriri mai tabarau, da rediyo ya fara sana'a. Ya jona faifan, ya kara shi a kunne kamar mai sauraron cikin kankana, ya canza igiya, ya sake karawa.

“Yana juyawa lafiya, ba ya ƙwanƙwasa. Da sauran rai. Aikin zai ci lokaci, ki bar shi ki zo gobe.”

Na ce ba zan bar shi ba. Ya dube ni ta saman tabarau, bai yi fushi ba.

“To ku kwana tare, ku zo tare. Da hantsi.”

Washegari da hantsi muka same shi ya share gaban shago. Ya sa wata 'yar wuƙa ya ɓare baƙin kwanson, ya zaro ainihin faifan, wani ƙarfe mai sheƙi. Ya nuna mini wani ɗan allo kore a bakinsa, inda igiya ke shiga.

“Kin ga nan? Ya ƙone gefe guda. Shi ne ɗan aike tsakanin faifai da na'ura. In ɗan aike ya kurmance, ko sau ɗari kika ce a wanke, saƙon ba ya isa. Wa ke zare shi yana cikin aiki?”

“Marigayi. In ya je shago a juye masa ba ya iya jira, fizge shi yake yi.”

“Haka suke. Allah ya gafarta masa.”

Ashe ba soyayya ba ce.

Ya sa faifan a wani kwanso nasa, ya jona. Ya ce fizgar nan ta kuma lalata farkon faifan, inda jerin kayan ciki yake, kamar littafin da aka yage shafin da ke nuna babi-babi, amma labarin yana nan. Ya kunna wani abu da zai bi shi shafi-shafi ya tattaro. Muka zauna muna kallon wani layi yana rarrafe. Gwaggo ta tafi ta kai atamfofinta ta dawo, layin bai kai ƙarshe ba. Sai wajen azahar ya cika.

“To, Malam, a wanke,” na ce.

“A'a.”

“Abin da ya kawo ni ke nan tun daga Daura.”

“Ko daga Makka kika zo. Ni ba na wanke abin da mai shi bai gani ba. Na taɓa yi wa wani, yana tsaye a kaina yana sauri, irinku. Bayan kwana biyu ya dawo yana kuka, wai muryar mahaifinsa tana ciki. Na iya gyara abu da yawa, wannan ban iya ba. Tun ranar na yi wa kaina doka.”

“Malam, abin da ke ciki ba na son kowa ya gani.”

“Ni ma ba na so.” Ya juya fuskar na'urar ta kalli bango, ya jawo mini kujera can ciki, ya ɗauki butarsa. “Lokacin kwanciyata ya yi. Ku ja ƙofa. In kin gama ki aiko mai shayi ya tashe ni.”

Ya tafi ya bar mana shago da duk abin da ke ciki. Na ce wa Gwaggo ta juya baya. Ta ce ita ta yi mini wanka da aka haife ni, babu abin da zan nuna mata sabo. Na yi bisimilla na buɗe jakar hotuna ta farko a faifan.

Rago ne. Fari, mai ƙaho a murɗe, an ɗauke shi ta gaba, ta gefe, ta baya. Na wuce. Wani ragon. Na buɗe jaka ta biyu, raguna. Ta uku, bijimai biyu da raguna. Kowace jaka da ranar kasuwarta, Mai'adua, Mashi, Zango, hotunan da yake tura wa masu saye a Kudu. Gwaggo ta gyara zama.

“Kai, wannan Balami ya ci abinci. Koma baya in ga na farin nan.”

“Gwaggo, don Allah.”

Na bi su ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi yaji. Babu ni. Ko gefen mayafina babu. Na yi kwana da kwanaki ina jin tsoron a gan ni a faifan nan, yanzu kuma da ban ga kaina ba sai abin ya yi mini ciwo. Shekara uku. A littafi, in miji ya mutu akan tarar da hoton matarsa a aljihun da ke saitin zuciyarsa.

“Ko ɗaya bai ajiye ba,” na ce.

“Ke dai Allah ya sawwaƙe miki,” in ji Gwaggo. “Wa ke juye masa hotunan? Ba yaran shago ba? Mutumin da zai miƙa wa ƙattin kasuwa wayarsa, ya bar matarsa a ciki ba ɗankwali? Gogewa yake yi kafin ya fita. Abin da kika tsallake iyaka za ki yi, shi ya riga ki yi tun yana da rai.”

Na gangara ƙasa don in tabbata, sai ga jaka ta ƙarshe. Sunana ne a kanta. Hajara.

Gwaggo da kanta ta kau da kai wannan karon. Na buɗe.

Tunkiya ce. Uda, gabanta ja, bayanta fari, tana tsaye jikin wani danga. Hoto na gaba ita ce da ɗa guda. Na gaba ɗan ya girma. Haka suka yi ta ƙaruwa, damina da rani, dangan yana canza kara, su suna yawa. A ƙarshe akwai ɗan bidiyo. Na danna, sai ga muryarsa ta cika shagon Malam Isufu, yana haki kamar ya sha tafiya.

“Buba, kama mini wancan in ɗauke shi da kyau. Tagwaye ne? Masha Allah. To ka ji, kada ka je gida ka yi surutu. Sai sun cika goma zan kawo Hajara da kaina ta gani. Ita ba ta son zancen dabbobi, amma goma ai ko a littafi ne a rubuta.”

Wani ya yi dariya a gefe, hoton ya karkata ya nuna ƙasa da takalminsa, ya ƙare.

Sau nawa na maimaita ban ƙirga ba. Gwaggo ba ta hana ni ba, ta fita ta zauna wurin mai shayi ta sha zagaye ukunta.

Da Malam Isufu ya dawo bai tambaye ni abin da na gani ba. Ya ce, “A wanke duka, ko akwai na ɗauka?” Na ce jaka ɗaya. Ya nuna mini yadda zan tura ta wayata, ya juya baya har na gama. Sannan ya share faifan tun daga tushe, ya yi masa sabon fomat, wannan karon layin ya tafi sumul bai tsaya ba. Ya sa shi a sabon kwanso, shuɗi, don baƙin ya ƙare. Ya ce in gaya wa mai shi ya riƙa sallamar faifai a na'ura kafin ya zare.

Laraba muka juyo. Ba abin da ya faru a hanya, sai warin cukun Gwaggo da ya bi ni har gida. Ran Alhamis na kai wa Inna. Ta juya shi a hannu ta ce ita baƙi ta ba ni. Na ce riga aka canza masa.

“Kin samu abin da kike nema?”

“Babu shi a ciki, Inna.”

“Dama na san ba za a samu ba,” ta ce, ta tura shi ƙarƙashin filo. “Yaron nan ba shi da magana, amma ba shi da sakaci.”

Masu tambayar tsaraba, dabino ya ƙare. Mai cewa miji na je dubowa kuma, ga amsarki.

Mako guda bayan haka na roƙi Gwaggo ta raka ni ƙauyen nan na bayan Zango. Muka yi tambaya har muka sami Buba makiyayi. Ya ce ya zo gaisuwa lokacin rasuwa, amma ina cikin takaba, kuma marigayi ya ce kada ya yi surutu, shi bai san wanda zai kwance masa wannan magana ba. Ya kai mu bayan gida. Na gane dangan.

Tara ne. Uwar tana kwance a inuwa tana tuƙa, cikinta ya yi nauyi. Buba ya ce bai fi sati biyu ba. Ya tambaya ko in kwashe su, ko a sayar.

Na ce a bar su tukuna, zan dawo.